Yadda Ake Tuƙa Tsohuwar Land Rover a Taɓon Duwatsun Kamaru

Direban Jos yakan ɗauka ya gama sanin dutse tunda ya sha sauka da hawa Hawan Kibo. To, Hawan Kibo kwalta ce. Hanyar da nake magana a kanta ita ce wadda ta tashi daga Jalingo ta bi Bali da Serti, ta haura tsaunin Mambila daga Mayo Selbe, sannan ta bar kwalta ta bi ta Mayo Ndaga ta faɗa Kamaru zuwa Banyo. Daga Afrilu zuwa Oktoba ruwa ake yi a can, Agusta da Satumba kuwa jan ƙasar nan in ta jiƙa santsinta kamar miyar kuɓewa. Har gobe tsofaffin Land Rover ne ke jigilar mutane da kaya a wannan yanki, don haka a kanta zan fi yin bayani, musamman Series III da aka ƙera tsakanin 1971 da 1985. Mai tsohuwar Land Cruiser ma zai amfana, zan riƙa nuna inda suka bambanta.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun yanzu, ɗan'uwa: duk shawarar da za ka yanke, a gindin hawa ake yanke ta, mota tana tsaye. Giyar da za ka sa, layin da za ka bi, ko ma za ka hau ɗin ko kwana za ka yi, duk a ƙasa ake gama su. Tsakiyar hawa ba wurin canza ra'ayi ba ne.

Kayan da za ka tanada

Shebur biyu, diga ɗaya, adda mai kaifi. Jak mai ƙarfi da katako mai kauri da zai zauna a kai, don jak ba ya tsayawa a laka. Falankin katako biyu masu tsawon kamar mita ɗaya da rabi. Igiyar jan mota mai ƙarfi, ba irin ta ɗaure buhu ba, da sarƙa. Weji biyu na tare taya. Famfon iska da gejin auna ta. Safaya biyu, tub, da kayan faci.

Na gyara kuwa: fambel, tiyon lagireto, fulogi da kwantak in ta fetur ce, filtar mai biyu, baƙin mai, man giya, man birki, waya, fis, da jarkar ruwa. In Series ce kada ka bar Jos ba ka bi ta kasuwar kayan mota ta Dilimi ka nemi shaf ɗin tayar baya ba, wato ƙarfen da ke cikin aksil yana juya taya, dogo da gajere, domin shi ne abin da ya fi karyewa a motar nan. Ka ƙara da takalmin roba, rigar ruwa, tocila, bargo da abincin kwana biyu. Saman Mambila akwai sanyin da ko ɗan Jos sai ya nemi rigar sanyi.

In ba ka da winci, wato injin jawo mota da igiyar ƙarfe, cen-bulok irin wanda makanikai ke ɗaga inji da shi yana fitar da mota, sannu a hankali dai. In babu falanki, rassan itace da duwatsu za su yi.

Takardu: fasfo, katin rigakafin shawara, lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, takardun mota na asali da kwafinsu, da wasiƙar izini daga mai motar in ba taka ba ce. Kamaru ba ta cikin ECOWAS, saboda haka katin inshorar ƙungiyar da ake shiga Kwatano da shi ba ya aiki a can, sai ka sayi tasu. Haka ma kuɗi: sefar Afirka ta Tsakiya daban take da ta Nijar da Benin. Jandarmomi sukan nemi ganin abin kashe gobara, akwatin magani da alamar nan mai kusurwa uku, ka ajiye su inda hannu zai kai ba sai an sauke kaya ba.

1. Kai ta wurin makanike mako guda kafin tafiya

Ba ranar tafiya ba. A buɗe gangunan birki huɗu a duba, domin birkin Series na ganga ne, kuma kowace taya da nata saiti. A duba sifirin ko akwai ganyen da ya tsage, a ɗaure kusoshin da suka riƙe shi da aksil. A girgiza sitiyari a ga yawan wasansa. A wanke lagireto. A duba ƙaramin bututun numfashi da ke saman kowane aksil, in ya toshe, aksil mai zafi yana shiga ruwan sanyi zai zuƙo ruwa ta bakin roba. Taya kuwa in haƙoranta sun cinye, sauran bayanin nan duk ba zai amfane ka ba.

Ka kuma sani inji marar tabo (turbo) yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 da aka haura. Jos tana wajen mita 1,200, saman Mambila ya haura 1,500 a wurare da yawa. In ka ji ta yi sanyi a hawa, ba lallai lalacewa ta yi ba.

2. Lodi

Mai nauyi a ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya, a ɗaure tamau. Saman mota sai katifa da tabarma. Za ka ga direbobin yankin sun tula buhunan masara har sun ninka tsayin motar, kada ka kwaikwaye su. Sun san kowane rami da sunansa, kuma duk da haka sukan kife. Shebur da igiya su kasance a sama da komai.

3. San sandunan giya tun a gida

A Series, bayan sandar giya akwai wasu biyu, mai jan kai da mai rawayan kai. In ka danna mai rawaya ƙasa, tayoyi huɗu sun kama amma gudu yana nan yadda yake. In ka tsaya cak ka ja mai jan kai baya, ka shiga ƙaramin ogzilari: tayoyi huɗu suna ja, gudun kowace giya ya ragu kusan rabi, ƙarfi ya ninka. Cire mai rawaya kuwa ba a jan ta da hannu. Tsayawa ake yi, a ja ja baya, a sake tura ta gaba, sai rawayar ta tashi da kanta.

A Land Cruiser sanda ɗaya ce mai H2, H4 da L4. Amma akwai makulli a tsakiyar kowace tayar gaba da ake murɗawa da hannu daga FREE zuwa LOCK. Sababbin direbobi da yawa sukan sa L4 su manta da makullin, su yi ta mamakin yadda baya kaɗai ke juyawa. Wasu Series ɗin ma an sa musu irin wannan makulli, ka duba taka. Da zarar kwalta ta ƙare ka kulle su, kada ka bari sai ka nutse har gwiwa.

Ka fita bayan gari, hanyoyin ƙauyukan gindin duwatsun Shere sun isa, ka gwada duk wannan bayan an ɗauke ruwa, har hannunka ya riƙa zuwa ba sai ka duba ba.

4. Iyaka, da tambayar hanya

Ka sa a buga maka fita a ɓangarenmu, shiga a nasu, ka kuma karɓi takardar kwastan ta shigar da mota na ɗan lokaci, ka duba kwanakin da aka rubuta. Su ma a dama suke tuƙi kamar mu, wannan ba matsala. Faransanci ne harshen ofis, amma Fulatanci da Hausa za su kai ka ko'ina a ƙasar Banyo. Ka yi sallama, ka gaisa sosai kafin ka miƙa takarda. Baƙon da ya zo da gaggawa shi ya fi daɗewa a shinge.

Labarin hanya a wurin wanda ya fito daga cikinta yau ake nema, direba ko ɗan acaɓa, ba wanda ya bi makon jiya ba. Kada ka ce masa “Hanya tana da kyau?”, don zai ce maka lafiya lau. Ka tambaye shi ina ya kwana, mota nawa ya bari a kafe, wane rafi ne ya cika. A hanyoyin ƙasa na Kamaru akwai shingayen da ake rufewa lokacin ruwa don hana manyan motoci lalata hanya, sai ƙasa ta sha iska a buɗe. Ko an bar ƙaramar mota ta wuce, rufewar nan saƙo ce gare ka. Ka tashi da sassafe, domin ruwan dutse ya fi sauka da yamma, kuma ba a tuƙin dare, saboda hazo da kuma tsaro.

5. Rage iskar taya

Taya mai tauri kan taɓo zamewa take yi. A gejin iska, daga 35 ko 40 na kwalta ka sauko zuwa wajen 25. In tayarka mai tub ce kada ka yi ƙasa da 20, don tayar takan juya a kan ƙarfenta ta tsinke bakin tub. Mai lodi da yawa ya rage kaɗan kawai. In kana da sarƙar taya, a na baya ake fara sawa, kuma kafin a shiga wurin, ba bayan an kafe ba.

6. Sauka ka taka da ƙafa

Wannan shi ne matakin da girman kai ke hana mutane. Duk wurin da ba ka ga ƙarshensa ba, ko kududdufi, ko kwana, ko hawa, ka tsaya a busasshen wuri ka ɗauki sanda ka bi shi har ƙarshe. Abin da kake nema uku ne: zurfin laka kafin a taɓa ƙasa mai tauri, dutse ko kututturen da ya ɓuya, da tudun tsakiyar hanya.

Tudun tsakiyar nan shi ne babban abokin gaba. Manyan motoci sun haƙa ramuka biyu masu zurfi da tayoyinsu sun bar tsakiya a tsaye. In ramin ya fi tazarar da ke tsakanin tukunyar aksil ɗinka da ƙasa, cikin motar zai zauna a kan tudun, tayoyi huɗu su yi ta juyawa a banza. Ka auna wannan tazarar a jikin sandarka tun a gida ka yi mata alama. In rami ya wuce alamar, ko dai ka sare tudun da diga, ko ka cika ramin da duwatsu, ko ka ɗora taya ɗaya kan tudun ɗaya a gefen hanya. Wannan na ƙarshen in akwai kwazazzabo a gefe kada ka gwada shi.

In kana da yaron mota, shi kaɗai zai ba ka hannu. Ku shirya alamunku, ya tsaya inda kake ganinsa, kuma ba a ƙasan mota ba. Fasinjoji kowa zai zama gwani a lokacin, ka toshe kunne.

7. Laka a shimfiɗe

Ƙaramin ogzilari, giya ta biyu, wani lokaci ta uku. Ta ɗaya ƙarfinta ya yi yawa, sai ta sa taya ta riƙa haƙa. Ka shiga da ɗan gudu daidai saurin mai sassarfa, ka riƙe totur wuri ɗaya. In ka ji ta fara nauyi, ka riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama kaɗan-kaɗan, gefen haƙoran taya zai sami abin kamawa. Cikin rami kuwa bar ta ta bi ramin, amma ka san inda tayoyin gabanka suka dosa. Mutum yakan murɗe sitiyari bai sani ba, rami yana riƙe da motar, ramin na ƙarewa sai ta yi tsalle gefe.

Manyan yatsunka su kasance a bayan sitiyari, ba cikin da'irarsa ba. Motar nan ba ta da abin sauƙaƙa sitiyari, taya na bugun dutse zai juyo da ƙarfin da zai iya targaɗa yatsa. Ƙafar hagu kuma a ƙasa, ba kan kuloci ba.

8. Hawa

Ka jira wanda ke gabanka ya gama hawa tukuna. Ka sauke fasinjoji su taka, hakan ya rage nauyi, ya kuma rage abin da za ka amsa a gaban Allah in wani abu ya faru. Ka saita motar ta fuskanci hawan kai tsaye, ba a karkace ba. Giya ta biyu a ƙaramin ogzilari ita ce ta yawancin hawa. Ka ɗauki gudunka a gindi, ka riƙe shi, sannan in ka kusa kaiwa sama ka sassauta, domin ba ka san abin da ke bayan tudun ba, ko shanu ne ko kwana.

Ba a canza giya a tsakiya. Kana taka kuloci motar ta tsaya, kuma tayar da mota daga tsaye a kan santsi abu ne mai wuya. In taya ta fara juyawa a banza, rage totur kaɗan, sau da yawa sai ka ji ta kama. Ƙara wuta shi ke karya shaf: taya tana gudu a iska, ta dira kan dutse ta kama farat ɗaya, sai ka ji ƙas.

9. In hawan ya gagara

A nan ake rasa rai, don haka ka karanta sau biyu. Kada ka taɓa ƙoƙarin juya mota a kan hawa, kifewa za ta yi. Kada kuma ka taka kuloci ka bar ta ta gangaro da baya kana dogaro da birki. Tayoyi za su daskare, ta zame, sitiyari ya daina aiki.

In injin ya mutu, ka danne birki da ƙarfi. Ka taka kuloci ka sa ribas, ka saki kuloci. Sannan ka sassauta birki a hankali har ka ji motar ta rataya a kan giya. Ka tabbata tayoyin gaba a miƙe suke, babu kowa a baya. Sai ka murɗa makulli, ƙafafunka biyu a ƙasa. Za ta tashi a cikin ribas ta sauko da kai a hankali, injin yana riƙe da ita. In injin bai mutu ba, birki da kuloci tare, ribas da sauri, ka sake su. Ka sauko har gindi, ka sake duba hanyar, ka zuba duwatsu ko ka rage kaya. Hawan da ya ƙi sau biyu ba zai yarda a na uku don ka ƙara fushi ba, sai an canza wani abu, ko a jira rana ta busar da shi.

10. Gangara

Ta fi hawa haɗari, ko da yake ba ta kai shi ban tsoro ba. Ka tsaya a sama, ka sa giya ta ɗaya a ƙaramin ogzilari, ka saki kuloci gaba ɗaya, ka bar injin ya yi aikin birki. Zai yi ƙara, ƙyale shi. In bayan motar ya fara zamewa yana neman wuce gaba, zuciyarka za ta ce taka birki. Akasin haka za ka yi: ɗan taɓa totur don tayoyi su kamo gudun motar, ka juya sitiyari ya fuskanci gangaren.

A doguwar gangara, irin saukowa daga Mambila zuwa Mayo Selbe ko gangaren da ke wajen Mayo-Darlé a hanyar Banyo zuwa Fumban, ko ƙasa a bushe take ka sauka da ƙaramar giya. Birkin ganga in ya yi zafi kamawa yake dainawa. In kun haɗu da wata mota a ƙunci, mai saukowa ne ke ba mai hawa hanya. Kuma in za ka raɓe, ka raɓe ta jikin dutse, bakin kwazazzabo da ya sha ruwa yakan zabtare.

11. Rafi da gadar katako

Ka shiga da ƙafa tukuna. In ruwan ya wuce gwiwa, wato wajen rabin mita, ko yana neman ture ka, ba na shiga ba ne. Rafin dutse da sauri yake cika, da sauri kuma yake janyewa, ka shimfiɗa tabarma ka jira. In na shiga ne, ka bar injin ya huce, ka ɗaura buhu ko tamfol a gaban lagireto, ka sassauta fambel don fanka kada ta watsa wa fulogi ruwa. A Series akwai rami a ƙasan gidan kuloci da ake toshewa da kusa kafin shiga ruwa, a cire bayan an fita. Giya ta biyu, gudu ɗaya, ba tsayawa. In ta mutu a tsakiya kada ka sake tayarwa, ruwan da ya shiga inji zai lanƙwasa ƙarfe. A jawo ta waje, a cire fulogi, a juya injin ya tofar da ruwan. Bayan kowane rafi ka ɗaure fambel, ka yi tafiya kaɗan kana ɗan danna birki har ya bushe.

Gada kuwa ka leƙa ƙarƙashinta ka ga gungumen da ke ɗauke da ita, ka gyara falankin da ya goce, kowa ya sauka.

12. In ta kafe

Ɗauke ƙafa daga totur nan take. Ka gwada ribas sau ɗaya a kan sawunka. In ta ƙi, sauko da shebur. Ka duba abin da ya riƙe ta, yawanci cikinta ne ya zauna. Ka kwashe lakar gaban kowace taya da ta ƙarƙashin aksil, ka ɗaga tayar da ta nutse, ka cusa duwatsu da falanki, ka sauke, ka koma ta gaba.

Hattara da birkin hannu na Land Rover: ba tayoyi yake kamawa ba, sandar da ke kai ƙarfi baya yake riƙewa. Kana ɗaga tayar baya ɗaya motar tana iya gangarawa ko da an ja shi. Ka sa weji, ka sa ta a giya da ogzilari, kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da ke kan jak.

In wata mota za ta ja ka, a ɗaura igiya a jikin shasi, ba a bamba ba, ba kuma a ƙwallon jan tirela ba, don yakan fizge ya tashi ya kashe mutum. A yafa bargo a tsakiyar igiyar, kowa ya matsa nesa. In cen-bulok ne kuma babu itace kusa, a haƙa rami a binne safaya a ɗaura a jikinta. Samarin ƙauye za su zo taimako, kuma sun iya aikin ƙwarai. Ku yi ciniki kafin su sa hannu, ka tanadi ƙananan kuɗi, in akwai dattijo a wurin ka bi ta hannunsa.

In shaf ɗin baya ya karye kuma ba ka da wani, a zare karyayyen, a cire sandar da ke kai ƙarfi baya, a mayar da murfin bakin taya, ka danna mai rawayan kai ka lallaɓa da tayoyin gaba zuwa gari mafi kusa. A hanya mai sauƙi kawai, kuma ka tuna da weji duk inda ka tsaya.

13. Duk yamma, da ranar komawa kwalta

Kafin duhu ka duba baƙin mai, ruwa, kusoshin taya da na sifirin. Ka buɗe bakin man aksil, in ya koma fari-fari ruwa ya shiga, a canza shi. Ka wanke lakar da ta toshe lagireto. Man da za ka saya a jarka a ƙauye ka tace shi da kyalle mai tsabta.

Kana hawa kwalta ka tsaya ka cire ogzilari, ka mayar da makullan gaba FREE, ka cire sarƙa, ka ƙara iska. Tafiya da tayoyi huɗu a kulle kan kwalta tana ɗaure giya ta cinye taya. In sandar ta ƙi fita, ka yi baya kaɗan a miƙe, za ta saki. In ka iso Jos a buɗe gangunan birki a wanke, a sa giris ko'ina, domin jar lakar da ta bushe a ciki tana cinye birki cikin 'yan makonni.